Amsoshin Wasiƙunku: Guba a Juji, Guba a Gona

To, jama'a, ga wasiƙu jibge a gabana, agogo kuma ba ya jiran kowa.

Ta farko daga Hunkuyi take, a ƙaramar hukumar Kudan. Malam yana tambaya ko akwai dokar da ta hana zubar da shara mai guba, ko kuwa duk wanda ya ga kango sai ya juye. Akwai, Malam, kuma wuya ce ta haife ta. A 1988 aka gano dubban gangunan guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin jihar Delta ta yanzu. Gwamnatin Babangida ta tsaya kai da fata sai da aka kwashe su, ta kuma kafa Doka ta 42, mai ɗaurin rai da rai ga duk wanda ya zubar da irin wannan shara a ƙasa ko a ruwa. Yau hukumar kula da muhalli ta NESREA, da aka kafa a 2007, ke sa ido a tarayya, mu nan Kaduna kuma hukumar KEPA.

Amma ni namu na gida ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Manomin rake a Makarfi zai sayi tifa guda ta sharar birni don taki. Sa sanda ka tona: ga matattun batura, ga alluran asibiti, ga kwalaben magani. Masana sun ce dalmar da ke cikin batirin mota da na babur ba ta ruɓewa. Tana nan a ƙasa har ruwan sama ya gangara da ita rijiya. Ai ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 dalmar duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400.

Wani daga Makarfi: me ya sa ba a kama masu zubar da shara mai guba? Wannan amsar tana bakin hukuma, ɗan'uwa.

Sai wata Hajiya daga Ikara: robar maganin feshi, in an wanke da sabulu, za a iya zuba man gyaɗa? Haba Hajiya! Wannan tambaya ba ta gajiya da dawowa. A'a, ko ruwan alwala kada a zuba. Maigida ya ɗauraye ta sau uku tun a gona, ya juye ruwan cikin injin feshi, sannan ya huda ta. Don Allah masu noman tumatir, ku daina yar da robobin a bakin fadama inda yara ke tsinta.