Me Ya Sa Ruwan Randa Ya Fi Na Jarka Sanyi?



A bazarar da ta wuce gardama ta kaure a ajinmu. Randa da jarka suna inuwa ɗaya, ruwan famfo ɗaya aka zuba musu da safe, amma da azahar kowa randa yake nufa, na jarka kuwa ya yi ɗumi ba ya shayuwa. Wasunmu suka ce ai yumɓu dama sanyi gare shi. Malaminmu na kimiyya ya ce a'a, ba sanyi randa take sakawa ba, zafi take cirewa.

Kafin mu gane wannan, sai da muka raba abubuwa biyu da duk muke ce wa "zafi". Na farko shi ne matakin zafi, wanda ma'auni yake nunawa da digiri. Ruwa yana daskarewa a digiri 0, ya tafasa a 100, jikin mai lafiya kuma yana wajen 37. Wani masani ɗan Suwidin, Anders Celsius, shi ya tsara wannan awo a 1742. Na biyu shi ne zafin kansa, wato makamashin da ke tashi daga abu mai digiri sama ya koma mai digiri ƙasa, kuma da jul ake auna shi. Butar shayi da tukunyar biki duk a digiri 100 suke tafasa, amma ku tambayi mai girki wace ce ta fi cin itace! Lita ɗaya ta ruwa sai ta sha jul wajen 4,200 kafin ta ƙaru da digiri ɗaya tak.

To mu koma randa. Jikinta cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwa yake tsattsafowa waje, shi ya sa kullum bayanta da danshi. Danshin nan idan iska ta buge shi sai ya zama tururi ya tashi, kuma ba ya tashi kyauta: lita ɗaya tana bukatar jul wajen miliyan 2.4. A ina zai samo su? A ruwan da ke ciki. Mun yi lissafi a allo: randa mai lita 20, idan kofi ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biyar na lita, ya bi iska, ragowar zai iya sauka da kusan digiri 6. A zahiri ba ya cika kaiwa haka, don zafin waje yana ci gaba da shigowa. Ita jarka roba ce, ba ƙofar da ruwa zai bi, sai ya zauna daidai da zafin gari.

Shi ya sa muke roƙon iyayenmu mata, idan an sayo sabuwar randa, ko ta Mirriya ce mai kyau, kada a shafe bayanta da fenti ko siminti don ado ko don hana yoyo. An toshe ƙofofin ke nan, ta zama jarkar ƙasa. A ajiye ta a inuwa inda iska ke ratsawa. Da damina kuma kada a ce ta lalace, iskar ce ta ƙoshi da laima, ba ta ɗaukar tururi da yawa.

Jikinmu ma haka yake yi da zufa. Amma randa idan ta ragu ana ganinta a ƙara mata, yaro kuwa wasa yake ɗauke masa hankali. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da gari yake wuce digiri 40, a riƙa kiran ƙannenmu ana ba su ruwa tun ba su ce ƙishirwa ba.