Memori, Rumbun Ƙari na Wayar Hannu

Jama'a, akwai wata 'yar sanarwa da kusan duk mai riƙe da babbar waya ya taɓa cin karo da ita. Ana tsakiyar ɗaurin aure, mutum ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, sai ta tsaya cik, ta ce wuri ya ƙare. Sai ka gan shi ya koma gefe yana ta goge-goge, ya share wannan hoto, ya share wancan karatu, kafin ya gama an shafa fatiha. Wani kuwa da ya ga haka sai ya ce wayar ta tsufa, ya shiga neman kuɗin sabuwa, alhali lafiyarta lau, cika kawai ta yi. Manomin da damina ta yi wa albarka har rumbunsa ya cika, ai ba ya sayar da gona. Wani rumbun yake ginawa a gefe. To, ƙarin rumbun waya shi ne ɗan katin nan da muke kira memori. Amfaninsa babba ne, amma kuma ya sa mutane da yawa kuka, galibi saboda rashin sanin halinsa.

Asalinsa

Sunan da masu ƙera shi suka ba shi microSD. Tsawonsa milimita 15, faɗinsa 11, kaurinsa 1, wato kamar farcen ƙaramin yatsa. Babu wani abu mai juyawa a cikinsa irin na kaset ko faifai. Wasu ƙananan ɗakuna ne biliyoyi da ke riƙe ɗigon lantarki, kuma da wannan riƙon ake rubuta hoto da sauti, har su zauna ko an kashe waya. Wani injiniya ɗan Japan mai suna Fujio Masuoka ne ya ƙirƙiro dabarar a kamfanin Toshiba cikin shekarun 1980. A 1999 kamfanoni uku, SanDisk da Panasonic da Toshiba, suka haɗu suka fito da katin SD, babba, irin wanda ake sa wa kyamara. Ƙaramin da ke shiga waya SanDisk ce ta fito da shi a 2004 da sunan TransFlash, aka sauya masa suna a 2005. Na farko-farko mega kaɗan suke ɗauka. Zuwa 2019 an kai ga mai tera ɗaya, wato giga 1,000, kuma girman jikinsa bai ƙaru da ko ƙwayar gero ba.

A ƙasashenmu wannan ɗan abu ya yi aikin da masu ƙera shi ba su zata ba. Inda data ke da tsada, sabis kuma yau akwai gobe babu, memori ne ya gaji kaset. Da shi ake zuwa wurin masu turi a cika shi da tafsirin azumi, da karatun Alƙur'ani, da finafinan Kannywood, da fassarar Indiya. Mawaƙin nan na Nijar, Mdou Moctar, ta hanyar memori da Bluetooth waƙoƙinsa suka fara zaga Sahara, daga waya zuwa waya, tun kafin a san shi a Turai da Amurka.

Fara duba wayarka

Kafin ka cire ko sisi, tabbatar wayarka tana da gurbinsa. iPhone ba ta taɓa karɓar memori ba, haka ma Pixel ta Google. Samsung ta cire gurbin a Galaxy S6 a 2015, masu saye suka yi gunaguni ta mayar a S7, sannan ta sake cire shi daga S21 a 2021. Amma yawancin wayoyin da ke hannun talaka, irin su Tecno da Infinix da Itel, da ƙananan Samsung, suna karɓa. Sa tsinken da ya zo a kwalin wayar ka zaro ɗan faifan da layi ke kwanciya a kai. In ka ga gurbi uku, madalla: layi biyu da memori. In biyu ne, wataƙila irin wayar nan ce da za ka zaɓa, ko layi na biyu ko memori, ba duka ba. Mai layi biyu na kasuwanci ya yi wannan lissafi tun a gida.

Kowace waya kuma tana da iyakar abin da take iya ɗauka, an rubuta a kwalinta ko a takardar da ta zo da ita. A nan ne rubutun jikin katin ke da amfani. Wanda aka rubuta wa SDHC, daga sama da giga 2 ne zuwa 32. SDXC kuwa daga sama da 32 har tera 2. Tsohuwar waya, ko ƙaramar nan mai madannai, ko rediyo mai cin memori, da yawansu ba su san SDXC ba. Ka sa musu mai giga 64 su yi kamar ba a sa komai ba, ka yi ta zagin mai shago a banza.

Sauran alamomin na gudu ne. Lamba 10 a cikin da'ira, ko 1 a cikin harafin U, na nufin katin ba ya kasa rubuta mega 10 a daƙiƙa. U3 ko V30 mega 30 ke nan, shi ne na mai ɗaukar bidiyo mai nauyi. A1 da A2 an yi su ne don manhajoji. Wanda bukatarsa ajiye karatu da waƙa da hotuna ce, mai lamba 10 ya wadatar, kada a ruɗe shi da tsada.

Nawa ne ya isa? Sauti ba shi da nauyi: minti ɗaya kamar mega ɗaya yake ci a matsakaicin inganci. Tafsirin awa biyu kullum har kwana talatin, awa sittin ke nan, bai kai giga 4 ba. Bidiyo shi ne mai haɗama, domin minti ɗaya da waya ta ɗauka da kyau yakan haura mega 100. Saboda haka ɗan kallo da mai ɗaukar biki su nemi 64 ko 128, mai saurare kuwa 32 ta yi masa yawa ma.

Jabu

A nan nake so mai karatu ya gyara zama, don a nan ne akasarin asara take.

Da farko, kada ka ɗauki kowane giɓi a matsayin cuta. Ka sayi mai giga 64, waya ta nuna maka 59 da ɗoriya. Ka sayi 32 ta nuna kusan 30. Ka sayi 128 ta nuna 119. Wannan ba sata ba ce, bambancin mudu ne. Kamfani yana ƙirga dubu-dubu, na'ura kuwa da 1,024 take ƙirga. Abin mamaki, jabu ne ma ba ya nuna alamar komai a farko.

Ga yadda ake yin sa. A cikin kowane memori akwai wani ɗan sashe da ke gaya wa waya girman katin, waya kuma ba ta musu, abin da aka faɗa mata shi take nunawa. Sai 'yan damfara su samo katin giga 8, su sauya bayanin wannan sashe ya riƙa cewa shi 128 ne ko 256, su buga masa sunan sanannen kamfani, su sa a kwali mai sheƙi. Ka saka a waya a gaban mai sayarwa, ta nuna adadin da aka rubuta, ka tura waƙa biyu, suka yi. Ka biya ka tafi kana murna ka yi sa'a. Sati uku, wata biyu, komai lafiya. Ranar da kayanka suka wuce giga takwas ɗin gaske, daga nan sabon abu ko ya hau kan tsoho ya murƙushe shi, ko ya zube a inda babu komai. Mafi ciwo, sunayen suna nan a jere, kana ganinsu, amma ka taɓa hoto ya ƙi buɗewa, ka taɓa bidiyo ya ce ya lalace. Babu mai gyaran da zai dawo da abin da tun farko bai samu wurin zama ba.

Na san wata baiwar Allah a unguwarmu da ta sayi irin wannan a tashar mota, a hannun mai yawo da su manne a kwali, kan kuɗin da bai kai rabin na shago ba. Hotunan bikin 'yarta duk a kai aka juye, aka share na wayar don a samu wuri. Da dangi suka zo daga nesa aka ce a nuna musu, hoto ashirin na farko ne kawai suka buɗe. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, in ji Hausawa, amma ita ba a gaya mata rariya ce ba.

Alamar farko ita ce araha da ta wuce hankali. Tambayi farashi a shaguna biyu ko uku. Wanda ya ba ka mai giga 256 a kuɗin mai 32, ba ƙaunarka yake yi ba. Saya a shago mai mazauni, wanda za ka iya komawa gobe, ka karɓi rasit. Sannan ka gwada shi kafin ka amince masa. Mai kwamfuta zai iya amfani da wata manhaja ta kyauta mai suna H2testw, wadda ke cika katin maƙil sannan ta karanta abin da ta rubuta, ta faɗi gaskiyar girmansa. Wanda ba shi da kwamfuta ya cika shi da finafinai har ya kusa ƙarewa, sannan ya bi su yana buɗewa, na farkon turawa da na tsakiya da na ƙarshe. Aiki ne na yini guda, na sani, kuma mutane ba sa son sa. Amma yini guda ne kawai a rayuwar katin.

Tambayar da waya za ta yi maka

Kashe wayar, ka kwantar da katin a gurbinsa, gefen zinaren yana kallon inda na layi ke kallo. Ta fuska ɗaya kawai yake zama. In ya ƙi, juya shi, kada ka danna da ƙarfi. In ka kunna, wasu wayoyi za su tambaye ka: a ɗauke shi ma'ajiyar tafi-da-gidanka, ko a haɗe shi da cikin waya? Wannan zaɓi na biyu ya shigo ne da Android 6 a 2015, kuma ba kowane kamfani ne ya bar shi a wayoyinsa ba.

Shawarata, zaɓi na farko. Da shi katin yana nan a matsayin baƙo: ka cire shi, ka sa a wata waya ko a kwamfuta, kayanka na nan. In ka haɗe shi da cikin waya kuwa, za ta share duk abin da ke kansa, ta kulle shi da mabuɗin da ita kaɗai ta sani. Ribar ita ce manhajoji za su samu ƙarin wuri. Hasarar, ranar da wayar ta faɗa rijiya, ko ta mutu, ko aka yi mata wankin ƙwaƙwalwa, katin ya zama kurma, babu wata na'ura da za ta karanta shi. Ga shi kuma in katin mai nawa ne, duk wayar sai ta ɗauki nawarsa.

Bayan nan sai ka shiga saitin kyamara ka ce sababbin hotuna su riƙa sauka a memori, ka kuma kwashe tsofaffin da ke ciki ka mayar can. Mutane da yawa sun sa kati sun zauna, suna mamakin yadda waya ke ci gaba da kukan cika, alhali ba su nuna mata hanyar sabon rumbun ba. A sani kuma, WhatsApp a cikin waya yake zuba kayansa, ba ya bin umarnin a kai memori. Duk bidiyon da 'yan zaure suka turo, da gaisuwar Juma'a mai furanni da ake aiko maka sau goma, suna nan suna cin wuri, sai ka bi da kanka ka kwashe ko ka share. Kuma memori ba ya ƙara wa waya gudu ko ƙarfin ƙwaƙwalwar aiki. Wuri kawai yake ƙarawa.

Shi ma yana mutuwa

Ko na gaske ne, memori ba ya dawwama. Ɗakunan nan masu riƙe lantarki suna gajiya da yawan rubutu da gogewa, kuma in aka jefa kati a akwati shekara da shekaru ba a sa shi a na'ura ba, abin da ke ciki yana iya dusashewa. Zafi ma ba abokinsa ba ne. Wani yakan ba da sanarwa: ya fara ɓacewa yana dawowa, ko waya ta ce a yi masa fomat, ko ya ƙi karɓar sabon abu amma yana buɗe tsoho. In ka ga haka, kada ka yarda da fomat tukuna, domin fomat sharewa ce gaba ɗaya. Kwashe kayanka zuwa wani wuri a ranar. Wani kuwa ba ya sallama, da safe kawai za ka tarar babu shi.

Don haka duk abin da ba za a sake samu ba, hoton mahaifi da ya rasu, takardar fili da ka ɗauka, muryar malaminka, lissafin bashin shago, kada ya kwana a wuri ɗaya tak. A samu kwafi a kwamfuta, ko a wani katin, ko a ma'ajiyar intanet; Google tana ba kowane mai asusu giga 15 kyauta. Waƙa da fim kuwa in sun tafi, mai turi yana nan a bakin kasuwa.

Shi ma mai turin a yi hattara da kwamfutarsa, ba don mugunta ba, sai don kati ɗari ke shiga cikinta a yini, kuma ta nan cutar na'ura ke yaɗuwa, irin wadda ke ɓoye jakunkunan ajiya ka ɗauka an share su. Wanda ya iya, ya ware kati guda na turi, wani kuma na iyali. Kada a fizge kati waya tana kunne, musamman tana cikin turawa.

Saura magana ɗaya da ta shafi mutunci. Abin da ka share daga memori bai tafi nan take ba. Sunansa kawai aka cire daga jeri, kuma akwai manhajojin da ke tono shi muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba. Hotunan matan aure da sirrin gida sun sha fita waje ta wannan ƙofa. In za ka kai waya gyara, zare katin ka sa a aljihu kafin ka miƙa ta. In sayar da ita za ka yi, ko kyauta za ka bai wa ƙane, ba shi wayar, ka riƙe memorinka.