Darasi: Masu Zane na Italiya da na Zariya

A kasuwar Dakoro akwai zane iri-iri. Akwai ƙwarya mai sassaƙa, da jakar fata ta Buzaye, da rigar Bororo mai ɗinkin zare kala-kala. Masu wannan aiki a gida suka koya, wurin iyayensu. To, yaron da ya koyi zane a makaranta da fensir da fenti, yaya zai yi da zanen gida? Ya yar da shi, ko ya riƙe shi? Wannan tambaya ta taɓa tasowa a Italiya da kuma Zariya.

A shekarar 1909, wani marubuci ɗan Italiya mai suna Marinetti ya buga sanarwa a wata jaridar birnin Paris. Ya ce zamanin tsofaffi ya wuce, a rushe gidajen ajiye kayan tarihi. A 1910 wasu masu zane guda biyar suka bi shi. A cikinsu akwai Balla da Boccioni. Ana kiran tafarkinsu Futurisimo, wato duban gaba. Abin da ya burge su shi ne mota, da jirgin ƙasa, da wutar lantarki. Suna so hoto ya nuna motsi. A 1912 Balla ya zana kare yana tafiya, ya yi masa ƙafafu da yawa, har mai kallo ya ga kamar karen yana sauri. Dabarar farfasa siffa kuwa sun aro ta daga masu zanen Paris. Amma sun yabi yaƙi. Boccioni ya shiga soja, ya mutu a 1916 bayan ya faɗo daga doki.

A Zariya kuwa, a 1958, wasu ɗalibai na babbar kwalejin garin suka kafa ƙungiyar masu zane. Kwalejin ce ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A cikin ɗaliban akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Yawancin malamansu Turawan Ingila ne, suna koya musu zane irin na Turai. Ɗaliban suka ce wannan bai isa ba. Daga baya aka yi musu laƙabi da ƴan tawayen Zariya.

A 1960, shekarar da Nijar da Najeriya suka sami mulkin kai, Okeke ya bayyana manufarsu. Manufar ita ce a haɗa dabarar makaranta da zanen gida su zama abu guda. Shi kansa ya koma ga uli, zanen da matan Ibo suke yi a jiki da jikin bango. Onobrakpeya ya ɗauko tatsuniyoyin mutanensa, Urhobo. Ƙungiyar ta watse a 1961, amma ƴaƴanta sun zama malamai, sun koyar da wasu.

Duka ƙungiyoyin biyu sun ƙi bin abin da suka tarar a makarantun zane. Na Italiya sun ga tsohon zanensu ya yi musu nauyi. Na Zariya sun ga mulkin mallaka ya raina nasu, suka je suka ɗauko shi. Hausawa sun ce, da tsohuwar zuma ake magani.

Tambayoyi

1. Me ya sa Balla ya yi wa kare ƙafafu da yawa?
2. A wace shekara aka kafa ƙungiyar Zariya?
3. Mene ne uli? Su wa suke yin sa?
4. Ina bambancin manufar ƙungiyoyin biyu?

Aiki

Kowane ɗalibi ya nemo ƙwarya mai sassaƙa a gida. Ya tambayi mai ita sunan kowane zane da ke jikinta. Sannan ya zana raƙumi yana gudu a littafinsa, ya ƙawata shi da zanen ƙwaryar.