Ziyarar Yamai: mu shirya tun daga gida

Bayan girbi, da yawa cikinmu mukan tafi Yamai don buɗe ido. Daga Maraɗi zuwa can ya fi kilomita 600. Baƙon da bai shirya ba yakan yi hasarar kuɗinsa ko lafiyarsa. Ga abin da ya kamata mu kiyaye:

1. Mu riƙe katin ɗan ƙasa, ana tambayarsa bisa hanya.
2. Mu rubuta sunan mai masaukinmu da unguwarsa a takarda.
3. Babbar Kasuwa da Katako akwai cunkoso. Mu raba kuɗinmu kashi biyu, mu ɓoye a aljihun ciki.
4. Mu yi ciniki da mai taksi kafin mu shiga.
5. Kada mu sha ruwan kogi. Mu wanke hannu da sabulu, mu ci abinci da zafinsa, don gudun zawo.
6. Birnin yana bakin kogi, sauro ya yi yawa. Mu kwana cikin gidan sauro.

Da safe, kafin rana ta yi zafi, mu leƙa Gidan Tarihi na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, mu ga zaki da dorina.

In hanya ta rikice mana, mu tambayi ɗan sanda. Matambayi ba ya ɓata.