Abokin aikin da ke ƙarƙashin fangali

A aikina na malamin gona tsakanin Kura, Bunkure da Garun Malam, akwai koken da nake yawan ji a farkon rani: an dasa albasa ko tumatir a filin da aka girbe shinkafa, an ba shi ruwa, an zuba kamfa, amma dashen ya tsaya cak, ganyen tumatir har yana juyawa shunayya. Manomi sai ya ce takin ne jabu, ya ƙaro wani buhun. Wani lokaci da gaskiyarsa. Sanyin hunturu ma yana jawo haka. Amma akwai dalili na uku da ido ba ya gani.

A cikin ƙasa akwai wata funfuna mai amfani da masana ke kira maikoriza. Ba irin wadda ke ɓata hatsi a rumbu ba ce. Tana shiga cikin saiwar shuka, sannan ta miƙa zarurruka sirara da suka fi gashi siranta zuwa inda saiwa ba ta iya kaiwa. Cinikayya suke yi: shuka ta ba ta sukarin da ganye ya haɗa da hasken rana, ita kuma ta kawo sinadarin fosfaras da zink, ta taimaka wajen ruwa. Mafi yawan tsirran duniya suna da wannan hulɗa.

Fosfaras shi ne babban batun. Ba kamar yuriya da ke bin ruwa ba, shi inda aka zuba shi nan yake maƙalewa, ƙasa ta riƙe shi. Saiwa ta shanye na kusa da ita, na gaba kaɗan kuma ya gagare ta. Ƙasarmu ta Arewa dama ba ta da wadatarsa. Albasa ta fi kowa shiga uku a nan, domin saiwoyinta kaɗan ne, gajeru, ba rassa sosai, shi ya sa ta dogara ƙwarai da wannan funfuna. Masara, wake, gyaɗa, tattasai da tumatir duk suna amfana.

To me ke rage ta a gonakinmu? Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, wannan yanki ya samu ruwan noman rani, alhamdu lillahi, sai dai hakan ya sa wasu filayen shinkafa kan shinkafa ake yi musu. Funfunar nan tana buƙatar iska, ƙasar da ruwa ya kwanta a kanta wata da watanni kuwa ba ta da iska, sai yawanta ya ragu. Haro da kaftu a kai a kai suna tsinka zarurrukan. Barin fili fayau ba shuka yana sa ta yunwa, tunda ba ta rayuwa sai da saiwa mai rai. Kabeji kuma ba ya karɓar ta sam, don haka albasa bayan kabeji ba dabara ba ce. Abin da ya fi ba manoma mamaki idan na faɗa shi ne, yawan supa ko kamfa ma yana korar ta: idan shuka ta ƙoshi da fosfaras, sai ta rage ciyar da abokiyar tata.

Ba cewa nake a daina takin zamani ba, wanda ya ce haka bai taɓa jiran kuɗin albasa ba. Shawarata ga 'yan'uwa manoma ita ce a saka wake ko masara tsakanin shinkafa da kayan lambu duk lokacin da hali ya yi, ko da a wani sashen gonar ne don a gwada da ido. A bar ƙona bambaron shinkafa, a mayar da shi ƙasa tare da takin gida da ya ruɓe. Kamfa a binne shi kusa da gindin shuka daidai gwargwado. Maganin feshin funfuna kuma kada a kwarara shi a ƙasa ba dalili.

Masu tallan garin maikoriza a leda sun fara yawa. Wani yana aiki, wani ƙwayoyinsa sun mutu tun a zafin shago. Kafin ka saya, tambayi malamin gonarku ko ma'aikatan tashar bincike ta Kadawa, sannan ka fara da fangali biyu ko uku a wurin renon iri.