Kafin A Yi Maka Zanen Allura A Wurin Ci-rani

Samarin Baudeta masu tafiya ci-rani Libiya, Aljeriya ko Legas, ku yi hattara da zanen jiki na allura, wato tatu. Tawadar a ƙarƙashin fata take zama, ba ta fita kamar lalle, kuma malamai sun hana shi bisa hadisi.

Ni dai allurar ce ta fi damuna. In an huda wani da ita aka huda ka, tana iya ɗauko maka ƙanjamau ko ciwon hanta, wanda kan yi shekaru a jiki shiru.

Wanda aka riga aka yi masa, in wurin ya kumbura ko yana mugunya, ya nemi likita, kada ya ƙona shi da ruwan batir. In ya dawo gida, ya je asibitin Tasawa a gwada jininsa.