Giɓin Magana Tsakanin Likita da Majinyaci: Darasi daga Kwarin Rima

Gabatarwa

Idan aka ce wa ɗalibin sakandare ya lissafa kayan aikin likita, zai ambaci allura da ma'aunin zafin jiki da abin sauraron ƙirji da madubin ganin ƙwayoyin cuta. Da wuya ya ambaci magana. Amma a shekarar 1975 wasu likitoci a Ingila sun bi diddigin sababbin marasa lafiya 80, suka tarar cewa a wajen 66 daga cikinsu, bayanin da aka saurara daga bakin majinyaci, haɗe da takardar da aka turo shi da ita, ya isa a gane cutar tun kafin a taɓa jikinsa ko a aika shi ɗakin gwaji. Ke nan idan magana ta gurgunce tsakanin likita da majinyaci, babban kayan aikin asibiti ne ya lalace. Wannan darasi zai duba inda giɓin yake ɓullowa, da yadda yake shafar aikin magani a cikin jiki, tare da misalai daga Gulma da Argungu da Birnin Kebbi.

Harshe ɗaya, ma'ana biyu

Giɓi na farko shi ne na harshe. Ana koyar da aikin likita a Nijeriya da Turanci, kuma tun da aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973 ake turo matasan likitoci daga wasu sassan ƙasar zuwa asibitocin Arewa. Jihar Kebbi kuwa, ban da Hausa, akwai masu Zabarmanci da Fulatanci da Dakarci da Kambarci. Sau da yawa wanda ake jawowa ya yi tafinta ɗan rakiya ne ko wani ma'aikacin da ke wucewa, kuma yakan taƙaita, ko ya gyara maganar don ta yi daɗin ji.

Ko da likita da majinyaci duk Hausawa ne, matsalar ba ta ƙare ba. Abin da Bakano ke kira zazzaɓi, mutumin Argungu kan ce masassara. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce kalmar da kowa ya sani, amma kowa da abin da yake nufi. Kalmar “sanyi” na iya nufin mura, ko ciwon gaɓoɓi, ko cutar al'aura. “Ciwon ciki” ya haɗa tun daga kumburin ciki har zuwa ciwon mara na mata. “Ciwon zuciya” a bakin tsohuwa na iya zama baƙin ciki, a kunnen likita kuwa cutar tsokar da ke harba jini ce. “Shawara” a wurin jama'a cuta ce mai zaman kanta, a wurin likita kuwa alama ce kawai ta cewa wani sinadari mai launin ɗorawa ya taru a jini, ko don hanta ta kamu, ko don jajayen ƙwayoyin jini na fashewa da yawa, ko don hanyar matsarmama ta toshe. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan maganinsa daban.

Kunya da “da sauƙi”

Giɓi na biyu daga tarbiyya yake. An hori Bahaushe da haƙuri da kawaici, har ya zama ko yana gargarar mutuwa aka ce masa “Yaya jiki?” amsarsa ita ce “Da sauƙi.” Wannan amsar gaisuwa ce, amma likitan da ke gaggawa na iya rubuta ta a matsayin rahoton lafiya. Haka nan matar da ke zaune gaban likita namiji, ga surukarta a gefe, da wuya ta faɗi abin da ya kawo ta kai tsaye. Akwai kuma tsoron faɗa: majinyaci ya sha jiƙo ko sassaƙe na mako biyu, ya sayi ƙwayoyi a kemis, amma ya ɓoye don kada a yi masa tsawa. Alhali kuwa abin da ya riga ya sha na iya sauya sakamakon gwaji, ko ya yi karo da sabon magani a cikin hanta. Masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Abin da ƙwaƙwalwa ke iya ɗauka

Giɓi na uku na lokaci ne da na ƙwaƙwalwa. A 1984 masu bincike biyu a Amurka, Beckman da Frankel, sun naɗi hirarrakin likitoci da marasa lafiya 74. Suka gano cewa a matsakaici likita kan katse majinyaci bayan daƙiƙa 18 da fara bayaninsa. Illar hakan ita ce, ba kullum ne mutum ke fara ambaton abin da ya fi damunsa ba. Yakan soma da ƙaramin koke, ya ajiye babban sai ya ga fuska.

A ɓangaren majinyaci kuma, sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe sabon bayani na ɗan lokaci ba ya ɗaukar abubuwa da yawa a tashi ɗaya. Masana sun kimanta kamar guda huɗu ne. Tsoro yana ƙara rage wannan, domin idan gaban mutum ya faɗi jiki na sakin sinadarin adirenalin, hankali ya tattaru ga abin tsoron kaɗai. Wanda aka ce masa yana da hawan jini, sau da yawa ba ya jin sauran bayanin da ya biyo baya. Wani nazari da masanin ƙwaƙwalwa Roy Kessels ya wallafa a 2003 ya nuna cewa ana mantuwa da kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na bayanin likita nan take. Saboda haka mantuwar majinyaci ɗabi'ar halitta ce, kuma zaginsa da jahilci ba ya gyara ta.

Misali na farko: tsargiya

A ɗauka wani manomin shinkafa daga Gulma ya kawo ɗansa mai shekara 10 asibiti. Likita ya ce, “Baba, me ke damun yaron?” Uban ya ce, “Ranka ya daɗe, masassara ce da kasala.” Bai ambaci jini a fitsari ba, domin yara da yawa a unguwa na yin haka, har an daina ɗaukarsa cuta. Idan likita bai yi tambayar da kansa ba, an wuce wurin.

Tsargiya kuwa tsutsa ce ke kawo ta, wadda masana ke kira Schistosoma haematobium, kuma likitan Jamus Theodor Bilharz ne ya gano ta a Alƙahira a 1851. Ƙwanta na fita cikin fitsari. Idan ya faɗa ruwan gulbi ko fadama sai ya ƙyanƙyashe, ɗan tsutsar ya shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi ya hayayyafa, sannan ya fito ya huda fatar mai wanka ko mai su ko mai dashen shinkafa. Bayan ya girma sai ya zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara. Ƙwan yana da ƙaya, shi ne ke raunata bangon mafitsara, shi ya sa jinin kan zo a ƙarshen fitsari. Tambaya ɗaya, wato “A farko jinin ke zuwa ko a ƙarshe?”, na iya shiryar da likita. Idan aka bar cutar shekaru tana iya lalata ƙoda, ko ta kai ga ciwon dajin mafitsara. A jikin mata kuma takan taɓa al'aura, a yi ta shan maganin “sanyi” a banza.

Maganinta, firazikwantel, ana auna shi da nauyin jiki, miligiram 40 ga kowane kilo. Yana kashe manyan tsutsotsi, amma ba ya hana sabon kamu. Likitan da ya ce wa ɗan masunci a bakin Matan Fada “kada ka ƙara shiga ruwa” ya faɗi gaskiyar da ba za a iya bi ba. Wanda ya ce a daina fitsari a ruwa, a karɓi maganin duk lokacin da aka raba shi a makaranta, a dawo da zarar jini ya sake ɓullowa, shi ne ya ba da shawarar da za ta yi aiki.

Misali na biyu: zazzaɓin cizon sauro

Binciken ƙasa na 2021 ya nuna cewa kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Jihar Kebbi na ɗauke da ƙwayar wannan cuta, adadin da ya fi na kowace jiha. Tun 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin ta koma ga haɗin magani mai sinadarin atemisinin. Wanda aka fi bayarwa ana shansa sau 6 cikin kwana 3, sha na biyu bayan awa 8 da na farko, kuma hanji ya fi tsotse shi idan an haɗa da madara ko abinci mai maiƙo. Sinadari ɗaya na kashe mafi yawan ƙwayoyin da sauri, shi ya sa jiki ke yin sanyi tun rana ta biyu. Ɗayan kuma na share ragowar a hankali. Uwar da ba a yi wa wannan bayani ba, idan ta ga yaro ya tashi yana wasa sai ta ajiye sauran maganin don ƙanensa. Ƙwayoyin da suka tsira su sake yawaita, zazzaɓi ya dawo, ita kuma ta yanke hukuncin cewa maganin asibiti ba ya ci.

Darasin Kano

Idan giɓin ya yi faɗi, amana ce ke rushewa. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan a Kano, inda aka sa yara kimanin 200. 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. An sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan kuɗin da ya kai dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƙin rigakafin shan-inna a 2003, wanda Kano ba ta janye ba sai Yulin 2004, bayan cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe.

Darasin ya shafi Kebbi kai tsaye, domin a Disambar 2024 aka fara ba da rigakafin zazzaɓin cizon sauro a jihohin Kebbi da Bayelsa. Sau 4 ake yi wa yaro, a wata na 5 da na 6 da na 7 da na 15. Yana rage haɗarin cutar, amma bai kawar da buƙatar gidan sauro ba, kuma ba ya hana zazzaɓin da wasu cututtuka ke kawowa. Idan ba a faɗa wa uwa haka tun ranar farko ba, zazzaɓin farko da yaron zai yi ya isa ya hana ta dawowa.

Hanyoyin cike giɓin

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa ma'aikacin lafiya alhakin sanar da majinyaci halin da yake ciki, da harshen da yake ji gwargwadon iko. Ga matakan da ba sa cin ko kwabo:

1. Likita ya bar majinyaci ya kai aya, sannan ya ce, “Akwai saura?”
2. Ya tambayi abin da aka riga aka sha ba tare da tsawa ba.
3. Ya taƙaita umurni zuwa abu uku, ya ɗaura lokutan shan magani a kan abin da aka sani, kamar asuba da azahar da bayan isha'i.
4. Ya sa majinyaci ya maimaita bayanin da bakinsa, domin “Ka gane?” kullum amsarta “I” ce.
5. Majinyaci kada ya tashi sai ya san sunan cutarsa, da yadda zai sha magani, da alamar da za ta sa ya dawo da gaggawa.

Kammalawa

Ɗalibin sakandare sau da yawa shi ne mai karatu a gidansu, shi ake turawa rakiya asibiti. Idan ya zama tafinta, amanarsa ita ce ya faɗi abin da aka ce yadda aka faɗe shi, ba ragi ba ƙari, ya kuma rubuta umurnin likita kafin a fito. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi don aji

1. Zana zagayen rayuwar tsutsar tsargiya, ka nuna wurare biyu da za a iya katse shi.
2. Me ya sa zazzaɓi ke dawowa idan ba a shanye magani ba?
3. Tattara sunayen cututtuka 10 daga bakin dattawan garinku, ka bayyana abin da suke nufi da kowanne, sannan ka kwatanta da bayanin ma'aikacin lafiya.